Hamani da Zauren Ƙafa Ashirin da Takwas

Shekara biyar ke nan cif da muka kai Hamani makwancinsa. Sai da na ƙirga sau biyu kafin in yarda, don a raina kamar bara ne. Rumfarsa da ke jikin tawa a kasuwar Wadata ta Yamai wani tela ne a cikinta yanzu, mutumin kirki, ba ruwansa da kowa. Amma har yau kunnena bai saba da ƙarar keken ɗinki daga wancan gefen ba.

Ga wanda bai san shi ba, Hamani Bazabarme ne, haifaffen Yamai, gidansu na unguwar Yantala, sana'arsa gyaran rediyo da talabijin. Ni kuwa sunana Lawali, Bagobiri ne daga wajen Madawa. Na zo birni ina saurayi, na koyi naɗin injin fanka da na famfon ruwa, na kafa rumfa. Shekara goma sha tara muka yi, falle ɗaya na kwano ne tsakaninmu. Ranar da ya fara jin inda na fito ya ce Allah ya kawo masa bawa har bakin ƙofa. Na ce ban taɓa ganin ubangidan da ke aron turnabis, abin kwance noti, wurin bawansa ba. Haka muka tafi har ƙarshe, irin wasan da kakanni suka bar wa Gobirawa da Zabarmawa. Hausarsa ta kasuwa ce, mai daɗin ji, sai dai bakinsa bai taɓa raba mace da namiji ba. Matarsa Gambi kullum "ya dafa" ne, ni kuma wani lokaci "ta makara". Na yi shekaru ina yi masa dariya a kan wannan, bai gyara ba, bai kuma damu ba.

Abin da ya kai sunansa nesa da Wadata wata ƴar aba ce baƙa, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, da ƙafafun ƙarfe jere a gefe biyu kamar na shanshani. Mu masu aikin lantarki mikro muke ce mata, amma ba ta ladani ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ce. Za ka rubuta mata umarni a ordinata, wato kwamfuta, ka zuba mata, ita kuma ta riƙe, ta yi ta aikin da ka sa ta ba gajiya: ta kunna, ta kashe, ta auna zafi, ta ƙirga lokaci. Tana cikin kayayyaki da yawa da ke gidajenmu ba tare da mun sani ba.

Hamani ya haura shekara arba'in kafin ya taɓa ta. Wata mai sayar da ƙanƙara ce sanadi. Sau biyu firigonta na ƙonewa in an maido kuran, wato wutar lantarki, da ƙarfi bayan an ɗauke, sau biyu yana gyara mata. A karo na uku ya ce wannan ba gyara ba ne, zuba ruwa ne a kwando. Ya samo wani littafin Faransanci da aka yi wa kwafi har rubutun ya dusashe, ya riƙa rufe rumfa bayan azahar yana tafiya gidan intanet. Wata huɗu ya yi yana fama. Ƙarshe ya haɗa ɗan akwatin da ke tsare firigo, in kuran ya dawo sai ya jira ya daidaita tukuna ya sake shi. Na ga ranar da abin ya yi aiki. Dattijo da furfura a gemu yana zagaye teburinsa kamar wanda aka yi wa bushara da haihuwa.

Wahalar da ya sha ita ta sa ya buɗe zaure a intanet. Ya ce duk amsoshin da ya samu mutanen da ke nesa ne suka rubuta su, masu aika saƙo a kawo musu kaya har gida, ba su san wanda zai yi yawon Babbar Kasuwa da ƙafa yana neman abu ɗaya ba. Da farko a ordinata ake shiga, daga baya zauren ya koma cikin salula, inda wanda bai iya rubutu ba ma zai iya aiko da saƙon murya. Ana Hausa, ana Zabarmanci, ana Faransanci, wani lokaci duka uku a jimla ɗaya. Sunan da ya sa masa shi ne Ƙafa Ashirin da Takwas, adadin ƙafafun mikron da ya koya. Doka ta farko kuwa ita ce: a nan maganar wannan dangin mikro kaɗai ake yi.

Ina so mai karatu ya gane cewa dokar ba ta son rai ba ce. Mikro dangi-dangi ne, kowane dangi da harshen da yake ji da kayan da ake zuba masa umarni. Tamu ita ce ake samu a kasuwa, ga araha, ga juriyar zafi, kuma na'urar zuba mata umarni mutum na iya haɗa ta da hannunsa. Da yake kowa abu ɗaya yake riƙe da shi, in wani a Tawa ya ce fitilarsa ta ƙi kamawa, na Doso zai ɗauki tasa ya gwada nan take, ya ce masa duba ƙafa ta tara. Umarnin da wani ya rubuta a Agadas zai yi aiki a Gaya ba a canza ko harafi ba. Wannan ne ya sa zauren ya yi albarka. Daga cikinsa aka samu masu haɗa agogon sallah na masallatai, masu kunna famfon garka da kansa, masu tsare batirin sola kada ya lalace.

Ni ma a hannunsa na koya, ta saman kwanon nan da ke tsakaninmu. Kuma na iya, ba yabon kai ba. Na haddace mikron nan kamar Fatiha, kowace ƙafa da aikinta. Hamani ya ba ni makullin zaure na biyu, wato ikon shigar da mutum ko share saƙo. Ni da na bar lakol tun aji shida, sai ga ɗaliban jami'a suna rubuto "Malam Lawali, a taimaka mana". Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi, daɗin da ban taɓa samu a naɗin inji ba. In ban faɗi wannan ba, abin da ya biyo baya ba zai fahimtu ba.

Kamar shekara biyu kafin rasuwarsa, wata ƴar zaure mai suna Hadiza ta aiko da tambaya daga Damagaram. Ta yi makarantar fasaha, ba ta samu aiki ba, ta kama kiwon kaji. Da tsohon firigo ta haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai, da taimakon zauren ma ta yi shi. Matsalarta ita ce injin na can garkarsu bayan gari, ita kuma tana cikin gari. Tana son in zafi ya hau ko ya sauka fiye da kima, saƙo ya shigo mata a salula. Wani ɗan'uwanta ya kawo mata sabuwar mikro daga tafiya, wani dangi daban, wadda ta fi tamu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tana iya hawa intanet da kanta. Ta ɗauki hotonta, ta tambaya ko akwai wanda zai nuna mata ta inda ake farawa.

Ni na fara ganin saƙon. Na share shi, na rubuta cewa a duba doka ta farko.

Kwana uku zauren bai huta ba. Matasa suka ce duniya ta wuce inda muke, sababbin mikron suna shigowa, ba za a ɗaure mutane a turke ɗaya ba. Tsofaffin hannu suka ce wanda ke son sabon abu ya je ya buɗe nasa zauren, ƙofa a buɗe take. Wani ya ce to sai a canza suna ke nan, tunda sabuwar ƙafafunta sun fi ashirin da takwas. Aka fara gaya wa juna maganar da ba a saba ji a wurin ba. Hamani bai ce uffan a ciki ba. A rana ta huɗu da hantsi ya zagayo rumfata da kofin shayi biyu, ya zauna a kan wani tsohon injin famfo.

"Bagobiri," ya ce, "ƴar mutane ta yi sallama, ka rufe ƙofa a fuskarsa."

Ranar ko dariyar "fuskarsa" ban yi ba. Na ce ai dokarsa ce, ba tawa ba.

"Tawa ce," ya ce. "Lokacin da na kafa ta mikro ɗaya ce a kasuwa. Don a taimaki mutane na kafa ta, ba don a kore su ba."

Na zazzage masa hujjojina, kuma har yau ina ganin ba na banza ba ne. Na ce taura biyu ba ta taunuwa. In aka buɗe, tambayoyi za su cakuɗe, sabon shiga ba zai san wace amsa ce tasa ba. Na ce sabuwar ba a samunta a Yamai sai an aiko, ke nan zauren zai zama na masu ƴan'uwa a waje, talaka ya koma ɗan kallo. Na ce zurfin da muka yi a abu ɗaya shi ne arzikinmu, in muka watsu kowa zai san kaɗan-kaɗan, ba wanda zai san komai har gindinsa. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai, ya ce duk akwai gaskiya a ciki. Sai na kawo wadda nake gani ita ce babba. Na ce to wa zai amsa? Ni ban san sabuwar ba, shi ma bai san ta ba.

"To sai mu tambaya," ya ce. "Mene ne a ciki?"

Abin da ke ciki shi ne abin da ba na iya faɗa: in aka buɗe ƙofar nan, Malam Lawali zai koma ɗan aji ɗaya a gaban yaran da ya koya wa riƙe ƙarfen dalma. Ina jin ya gane, amma bai tona ni ba. Ya shanye shayinsa ya koma.

Zauren nasa ne, da ya so da kalma ɗaya zai yanke. Bai yi haka ba, ya ce a jefa ƙuri'a. Ya faɗi ra'ayinsa sau ɗaya tak, a taƙaice. Ni kuwa na bi tsofaffin hannu ɗaya bayan ɗaya da kira. Muka yi rinjaye, ba da yawa ba. Ya rubuta cewa jama'a ta yanke, an bi. Hadiza ta yi godiya ga duk wanda ya taɓa taimaka mata, ta nemi gafara in ta ɓata wa wani, ta fita. Matasa da dama suka bi ta.

Bayan kamar wata guda Hamani ya gaya mini, yana cikin kwance wata talabijin, ko kallona bai yi ba, cewa fankar cikin injin Hadiza ta tsaya wata rana tana gari. Lokacin bazara ne. Kafin ta isa zafi ya dafa ƙwan duka, saura kwana huɗu su ƙyanƙyashe. Na gaya wa kaina ko da na bar saƙonta, ba lalle ta gama aikin kafin ranar ba. Mai yiwuwa haka ne. Amma na daɗe ban ci ƙwai da daɗi ba.

Daga nan sai ga sabuwar mikro a kan teburinsa. Bai ɓoye ta ba. Kullum ina ganinta in na leƙa, ƴar fitilarta na ƙyaftawa, shi kuma ya sa tabarau ya duƙa a kai, salula a kunne yana sauraron wani abu. Ban taɓa tambayarsa ba, bai taɓa yi mini tayi ba. Muna cin abinci tare, muna zuwa masallaci tare, yana kirana bawansa, amma wannan abu ɗaya muka zagaye shi kamar rami a tsakiyar hanya. A cikin zaure kuwa bai taɓa karya dokar ba ko sau ɗaya.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Ƙafafu suka fara kumbura, ya rage zuwa rumfa, daga baya ya daina. Zuwana na kusa da ƙarshe bayan la'asar ne, na same shi a tsakar gida an shimfiɗa masa a inuwa. Gambi ta kawo mini kopto, kwaɗon ganyen nan na Zabarmawa, ta ce in ci a gabansa in rama tsiyar da yake yi mini, tunda shi an hana shi gishiri. Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. Da ya lafa ya karɓi salularsa, ya daddanna da ƙyar, ya mayar da zauren gaba ɗaya hannuna. Na ce ya bari ya warke. Ya ce in bar wannan maganar, mu ba yara ba ne. Na zaci zai sa ni alkawarin buɗe ƙofa, har na shirya abin da zan ce.

"Ka yi abin da ka ga ya dace," ya ce. "Amma kada ka ce ni na ce."

Kwana tara bayan nan ya cika.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan sadakar arba'in wani ya sake tayar da maganar buɗe zaure. Na rubuta cewa wannan doka Hamani ne ya kafa ta da hannunsa, ba za mu rushe abin da ya gina ba tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Kowa ya yi shiru. Wa zai yi gardama da mamaci? Waɗanda suka san inda ya tsaya ranar ƙuri'a yawancinsu sun riga sun fita, sauran kuma kunya ta hana su. Ban yi ƙarya a kalma ba, shi ya kafa dokar. Amma na san abin da nake yi. Shekara biyu na riƙe ƙofar da sunansa.

A cikin shekarun nan biyu mikronmu ta yi wuya a kasuwa. Ka zagaye Babbar Kasuwa da Wadata ba ka samu ba, in ka samu ta yi tsada, wani lokaci kuma jabu ce, ka zuba mata umarni ta ƙi riƙewa. Sabuwar kuwa, wadda na ce talaka ba zai samu ba, sai ga ta a tebur ana sayarwa har ta fi tamu araha. Tambayoyi suka ragu a zaure. Aka wayi gari ba abin da ke shigowa sai gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa. Ina kallo, ina gaya wa kaina da tsohuwar zuma ake magani. Ban tsaya na tambayi kaina ba, in zumar ta ƙare a tulu fa?

Abin da ya karya ni aiki ne. Wasu masu garka a bakin kogi, waɗanda na daɗe ina naɗa wa inji, suka ce in haɗa musu abin da zai kashe famfo in ruwa ya ja baya, don injinsu na ƙonewa. Aikin da a da zan gama cikin kwana biyu. Na yi mako uku ina neman mikro ta ƙwarai ban samu ba, kayan lambunsu na jiran ruwa. Na sayi sabuwar, na kawo rumfa, na zauna ina kallonta tana kallona. Ban san ko ta ina ake kama ta ba. A zauren da nake shugabanta kuwa ba damar in tambaya, ni na hana.

Lambar Hadiza na nan cikin salulata. Na yi kwana biyu ina dubawa ina ajiyewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kira. Na faɗi sunana, ta ce ta gane muryar. Ta yi mini gaisuwar Hamani, ta ce ta so zuwa ba ta samu hali ba. Na fara kame-kamen neman gafara, ta ce in bar shi, ya wuce, me ake ciki? Na gaya mata. Ta fara yi mini bayani a hankali, ina tambaya tana amsawa. Can sai ta ce:

"Baba Lawali, tambayoyin nan duk an riga ka. Bari in turo maka wani abu."

Saƙonnin murya ne suka shigo, masu yawa, a jere. Na danna na farko ina tsaye a bakin rumfa, masu kura na wucewa, ƴan kabu-kabu na hon. Sai muryar Hamani. Yana cewa, "Malama Hadiza, ka yi haƙuri, ɗalibinka ne kuma. Na danna abin da ka ce, fitila bai kama ba." Shekara biyu ban ji muryar nan ba. Na shiga ciki na ja ƙyaure.

Ashe abin da yake saurare ke nan duk lokacin da nake ganinsa da salula a kunne. Bayan asarar ƙwan ta koyi sabuwar mikron da kanta, shi kuma ya bi ta ya zama ɗalibinta. Ta turo mini tambayoyinsa da amsoshinta, daga ranar farko har inda ciwo ya tsayar da shi. Inda na maƙale, nan ya maƙale. Kuskuren da na yi, shi ma ya yi, har da wanda ya fi nawa wauta, yana yi wa kansa dariya a ciki. Wani wurin sai ya tambayi abu ɗaya sau uku, ba nauyin baki, ba kare kai. Da waɗannan saƙonnin na koya. Na gama aikin masu garka cikin mako biyu. A makon da ya biyo na share doka ta farko, na roƙi Hadiza ta dawo, na ba ta makulli. Sai dai ko a ranar ban faɗa wa jama'a gaskiyar abin da na yi ba. Cewa na yi zamani ya canza.

Da Hamani zai leƙo zauren yau, me zai gani? Zai ga ya cika fiye da yadda ya bar shi, har da mata da yawa, abin da a da sai ka ƙirga da yatsu. Zai ga mai kiwon kifi yana duba ruwan tafkinsa daga cikin taksi, mai shagon magani yana samun saƙo in firigonsa ya ɗumama. Ina jin wannan zai sa shi zagaye teburi. Amma zai ga wasu abubuwan da na ji tsoro sun tabbata. Tambayoyi sun cakuɗe, har sai da muka sa kowa ya fara faɗin dangin mikronsa kafin ya yi magana, kuma ba kowa ke bi ba. Akwai masu kwaso umarni daga intanet su zuba, in ya yi aiki ba su san dalili ba, in ya ƙi ma ba su sani ba. Irin sanin nan na ƙafa da ƙafa ya yi ƙaranci. Biyu daga cikin tsofaffin hannu sun fita ba sallama, ɗayansu har yau in mun haɗu a jana'iza gaisuwa ce kawai. Ba zan ce buɗewar ba ta ci komai ba. Ta ci. Rufewar ce dai ta fi ci.

Abin dariya kuma, maganar ta sake dawowa. Wani dangi na uku ya fara shigowa, wanda aka ce tsarinsa ba mallakar kowa ba ne, kowane kamfani na iya ƙera shi. Sababbin matasa na son a ba shi wuri. Masu cewa a dakata kuwa, da yawansu waɗanda suka fita tare da Hadiza ne a wancan karo. Ita kanta ta kira ni ta ce tana tsoron hayaniyar ta yi yawa, waɗanda ke amsawa sun gaji, kayan kuma ba su wadata a kasuwa ba tukuna. Na saurare ta har ta gama, ina jin hujjojina na da suna fitowa daga bakinta, kuma wasunsu har yanzu da nauyinsu. An sa ranar ƙuri'a. Mutum uku sun rubuto mini a keɓe suna tambaya, a matsayina na wanda ya fi kowa zama da shi, me Hamani zai ce.

Na gaya musu ban sani ba. Zan iya ba da labarin abin da na gani ya yi a zamaninsa, da kayan zamaninsa. Abin da zai ce yau kuwa, wannan ya tafi da shi. Mai yiwuwa ya ce a buɗe, mai yiwuwa ya ce a jira kaya su iso kasuwa, don shi mutum ne mai duba abin da ke hannun jama'a kafin ya yi magana. Ni ra'ayina a buɗe, a keɓe wa sabon dangin rana ɗaya a mako har a ga kamun ludayinsa. Na rubuta haka a zaure da sunana, Lawali, in an kayar da ni an kayar da ni.

In na auna abin da ya rage na Hamani, ba shi da yawa a ido. Kayan aikinsa an raba. Mikron da ya ƙaunata tana ja da baya, wata rana sai dai a ba da labarinta. Zauren ma ban ɗauke shi abin dawwama ba, irinsa nawa aka buɗe suka mutu. Amma makon jiya wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin lantarki, wanda ya girme ni, ya aiko da saƙon murya a gaban ɗaruruwan mutane ya ce bai gane ba, a sake yi masa bayani daga farko. Ba wanda ya yi dariya. Mutum uku suka amsa masa, ƙaramarsu ba ta kai jikarsa ba, ya ce mata na gode Malama. Kowa ya san karin maganar da ke cewa gemu ba ya hana ilimi, amma faɗarta daban, a ga mai gemun ya durƙusa daban. A wurinmu wani ne ya fara durƙusawa, har abin ya zama ba kunya ba.

Ga ƴan zaure da za su karanta wannan, musamman waɗanda na rufe wa baki bayan rasuwarsa: ƙofar nan ni na riƙe ta, ba shi ba. Ya so a buɗe tun yana da rai, ya kuma hana ni jingina masa magana, na jingina. Ku sauke wannan daga kansa ku ɗora mini.

Allah ya jiƙan Hamani, ya yalwata masa kabari, ya dubi Gambi da ƴaƴansa. Ni kuma ya yafe mini shekara biyun da na yi ina magana da bakin mutumin da ba ya iya tashi ya ce ba haka ya faɗa ba.